Yara sun raina ni, mai makaranta ya ce in koyi zama da su

Assalamu alaikum Inna. Ni ƴar Sakkwato ce, na karanta Ingilishi a jami'a, na gama hidimar ƙasa na zauna gida babu aiki. Gwaggona da ke aure a Yamai ita ta sa mijinta ya samo mini koyarwa a wata makarantar kuɗi, na zo a watan Oktoba. An ba ni sankiyem biyu (aji na biyu na kwaleji) da katiriyem ɗaya (aji na uku). Inna, yaran nan sun fi ƙarfina. Ina magana suna magana, in na juya ga allo sai wani ya yi kukan akuya, aji ya fashe da dariya. Faransancina bai nuna ba, duk kalmar da na faɗa sai su maimaita ta da irin muryata. Akwai wani yaro a katiriyem, ɗan wani mai hali, shi ne jagoransu. Na kai shi ofis ya fi a ƙirga, kullum ba ya minti biyar sai ya dawo yana murmushi. Mai makarantar, wanda shi ne kuma darakta, ya ce mini iyaye ne ke biyan albashina, in koyi zama da ƴaƴansu. Albashin ma yau wata biyu ban gan shi ba, takardar kwantiragi kuwa tun zuwana ake ce mini gobe. Makon jiya ya kira ni ya ce makin da na ba yara ya yi ƙasa, in sake duba shi kafin a cika takardun sakamako. Ranar Laraba saura kaɗan in mari yaron nan, na fita na shiga banɗaki na yi ta kuka. Babana dama bai so tahowata ba, ina jin kunyar komawa hannu rabbana. In tattara in tafi, ko in daure?

Ɗiyarki, malama a Yamai

Wa alaikumus salam ɗiyata. Sannu da baƙunta, sannu da ƙoƙari.

Matsala biyu ce gare ki, kuma kin ajiye kowacce a inda ba nan ne wurinta ba. Ta aji, wadda ke kaɗai za ki iya gyarawa, kina ɗaukarta kina kaiwa ofis. Ta ofis, wadda ya kamata ki fito da ita fili da takarda da shaidu, ita kike haɗiyewa kina kwana da ita. Shi ya sa kika gaji haka tun shekara ba ta ƙare ba.

Daga gobe kada ki sake tura yaro ofishin mutumin nan. Ki dubi lamarin da idon sauran yaran. Madam ta fusata, ta kori wane, wane ya je ya sha iska ya dawo yana gyara wuyan riga. Abin da aji ya koya a ranar ya fi duk abin da kika rubuta a allo zama cikin kai: iyakar abin da madam ke iyawa ke nan, kuma ba ya cin kowa. Duk tafiya ɗaya zuwa ofis ɗin nan, kwarjininki ake ragewa ana ƙara wa yaron. Da daraktan mai tsaya wa malamansa ne da ban ce haka ba. Amma ya riga ya gaya miki matsayinsa da bakinsa, ki yarda da shi.

Yanzu surutun kansa. Na san za ki ce rashin tarbiyya ne, kuma akwai shi. Sai dai ina zargin rabin hayaniyar nan rashin fahimta ne. A wajenku, yaron da ya kai shekarun ɗan sankiyem ya daɗe ana koya masa lissafi da kimiyya cikin Ingilishi, ko da gurgu ne, kunnensa ya saba. Nan ba haka ba ne. Yawancin yaranmu sai sun shiga siziyem, ajin farko na kwaleji, suke fara haɗuwa da shi, awoyi ƴan kaɗan a mako, sauran darussa duka da Faransanci. A gida kuma Zabarmanci ne, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Tamashek. Ke nan ɗan sankiyem ɗinki shekararsa ta biyu ke nan da wannan harshe, kuma shi ne na uku ko na huɗu a bakinsa. In kin tsaya kina zuba bayani da saurin da za ki yi wa ƴan sakandare a Sakkwato, kafin minti goma mafi yawansu sun ɓace. Yaro mai shekara goma sha uku ba zai ɗaga hannu gaban ƴan mata ya ce bai gane ba. Kukan akuya ya fi masa arha, har tafi yake samu.

Ki gwada ki gani. Ki ba su ƴar jarrabawa marar maki, jimla biyar masu sauƙi irin na siziyem: sunanka, shekarunka, unguwarku, abin da ka ci jiya, abin da za ka yi gobe. Ki kai takardun gida ki duba cikin natsuwa. Zan yi mamaki in masu surutun nan ba su ne suka bar rabin takarda fari ba. In haka ta kasance, sai ki sauko inda suke, ko da littafi ya ce kuna babi na bakwai. Gajerun jimloli, a hankali, abin da kika faɗa ki rubuta shi, abin da kika rubuta ki nuna shi da hannu. Kada aiki ɗaya ya wuce minti goma ko sha biyar ba ki canza ba. Kuma tunda darasinki na harshe ne, kina da gatan da mushen lissafi, wato malamin lissafi, ba shi da shi: aikinki ne ki sa su magana. Aji mai son hayaniya a ba shi hayaniya ta halal. Su maimaita tare, layin dama ya yi tambaya layin hagu ya amsa, a yi gasa tsakanin layuka ki riƙa rubuta sakamako a kusurwar allo har ranar Juma'a. Ki koya musu alama ɗaya ta yin shiru, ko ɗaga hannu ko buga tebur sau biyu, ki yi ta maimaita ta har ta zama jiki. Ihu kuwa ki bar shi. Muryar mace ɗaya ba ta rinjayar makogwaro sittin, kuma Afrilu da Mayu na tafe, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. In kin ƙarar da muryarki yanzu ba ki da abin shiga wancan lokaci.

Akwai wani mushe da muka yi aiki tare a Tawa, ɗan ƙaramin mutum, muryarsa sai ka matso kake ji. Ajinsa ne mafi shiru a makarantar, har mukan leƙa mu ga ko da mutane ciki. Ba wani asiri yake yi ba. Kafin a buga ƙararrawa ya riga ya rubuta aiki a allo, tambaya uku, ya fito ya tsaya bakin ƙofa da alli a hannu. Kowane yaro sai ya bi ta gabansa, ya kira shi da sunansa, wani ya tambaye shi jikin kakarsa, wani ya nuna masa maɓallin riga da ido. Yaro na zama ya tarar da aiki na jiransa, babu wannan minti biyar ɗin da malami ke neman shafi yara na neman abin yi. In wani ya fara surutu, ba ya katse darasi. Sai ya ci gaba da magana yana tafiya a hankali har ya iso kusa da bencin, ya ɗora yatsa biyu a kan littafin yaron, ya tsaya nan yana koyarwa kamar dama wurin ya zaɓa. Yaron sai ka ga ya sunkuyar da kai. Babu wanda aka kunyata, babu abin dariya.

Sunayen nan su ne farkon aikinki. Ki zana taswirar aji a takarda, kowane benci da sunan masu zama, ki manne ta cikin littafinki. Ke za ki raba wurin zama, ba su ba. "Kai, mai jar riga" ba ya tsayar da kowa, amma yaro ya ji cikakken sunansa daga bakin madam ɗin da ya ɗauka ba ta san shi ba, sai ya waiwayo.

Batun Faransanci kada ya hana ki barci. Ba shi aka ɗauke ki koyarwa ba. Dariyar tana da daɗi ne saboda kina jin haushi, ranar da kika daina ji rabin daɗin ya tafi. Ki gaya musu sau ɗaya, fuska a sake, cewa ke kina koyon nasu su suna koyon naki, kuma a ƙarshen kowane darasi kina ba su minti biyu su gyara miki kalma ɗaya. Za ki ga masu kwaikwayon muryarki suna rige-rigen zama malamanki. Hausarki kuma dukiya ce, malaman da ke zuwa daga Gana ko kudancin Nijeriya ba su da ita. Amma ki yi hattara, nan Yamai ce, ba Maraɗi ko Tawa ba. In kika mai da Hausa harshen bayani a aji, ƴaƴan Zabarmawa za su ga kin zaɓi ɓangare, ki buɗe wata ƙofar rigima da hannunki. Ki ajiye ta don magana da yaro shi kaɗai da kuma iyaye. Ki koyi gaisuwar Zabarmanci da ƴan kalmomin aji wajen maƙwabta, ko fofo kaɗai kika iya yana buɗe fuska.

Sai jagoran. Irin wannan yaro da ƴan kallo yake rayuwa, kuma duk faɗan da kika yi da shi gaban aji shi ya ci, ko da ke ce mai gaskiya. Ki neme shi lokacin shan iska, a fili inda ana ganinku amma ba a jin ku. Kada ki fara da laifinsa. Ki ce masa da Hausa in yana ji: "Wane, na lura duk abin da ka yi ajin nan suna bi. Ba kowa Allah ya ba wannan ba. Ni ba zan sake kai ka ofis ba, ni da kai mun san ba ya amfani. Amma shekara mai zuwa kana turwaziyem, ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar ƙasa ta BEPC na jiranka, kuma masu gyaran takardarka ba su san babanka ba." Ki yi shiru ki bar shi ya yi magana, ko da ƙarya zai yi. Sannan ki ba shi aiki na gaske, mai ɗan girma a ciki: shi ke rubuta sakamakon gasar layuka, ko shi ke jagorantar maimaitawa. Kada ki sa rai zai shiryu a mako ɗaya. Zai gwada ki ya ga ko maganar ta tsaya. Ranar da ya karya, ki karɓe aikin ba tare da ɗaga murya ba, ki ba wani, ki gaya masa ranar da zai iya dawowa kansa.

Wani yaron duk wannan ba ya kama shi, gaskiya ce. In ya zama haka, hanyar ba ta wajen uba take ba. Manyan mutanen nan ba ki samunsu, in kin samu ma kunya ce za ta sa su kare ɗansu. Uwa za ki nema. Ki sa a haɗa ku, ki gaishe ta yadda ake gaida babba, ki fara da abin kirki ɗaya na gaskiya game da ɗanta kafin ki kawo kuka. Ki tafi da littafinki mai kwanan wata: ran kaza ya yi kaza, ran kaza bai kawo aiki ba. Uwar da ke biyan kuɗi masu yawa don ɗanta ya iya Ingilishi ba ta son jin cewa kukan akuya yake koyo. Abin da mai makaranta bai gaya miki ba ke nan da ya ce iyaye ke biyan albashi: akwai iyayen sauran yara hamsin da tara, su ma biya suke, kuma yaro ɗaya na cinye musu darasi.

Hannunki kuwa ki riƙe shi, don Allah. Ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana duka a makarantu, ko da wasu na yi a ɓoye. Wanda ke yi ɗan gari ne, yana da dangi da ƙungiya. Ke baƙuwa ce marar kwantiragi, a aji mai cike da wayoyi. Mari ɗaya ya isa a manta da wata biyun da kike bi, ki koma ke ce mai ba da haƙuri. Fitar da kika yi ranar Laraba daidai ce. In abin ya sake tasowa, ki ba su aikin rubutu, ki tsaya bakin ƙofa ki sha ruwa. Haka kuma kada ki hukunta rashin kunya da sifiri a jarrabawa. Makin Ingilishi na Ingilishi ne. Halin yaro yana da nasa gurbin a takardar sakamako, a can ake rubuta shi. In kin cakuɗa su kin ba iyaye da darakta sandar dukanki.

Ban ji kin ambaci kowa a makarantar nan ba sai yara da darakta, kuma wannan ya dame ni. Ina surbeyan? A tsarinmu shi ne mai ladabtarwa, shi ya san yaron da ke tsoron kawunsa, da wanda uwarsa ba ta da lafiya, da wanda ake kora kullum saboda kuɗin makaranta. Ina tsofaffin malamai, musamman wanda ke riƙe da katiriyem ɗin nan a matsayin babban malaminsu? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ki riƙa zuwa da wuri kina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi. Ki zauna ɗakin malamai lokacin shan iska maimakon ki kulle kanki kina gyaran takardu. Ki nemi izinin wata malama da yaran ke shakka ki zauna bayan ajinta awa ɗaya ki ga yadda take yi da waɗannan yaran dai. Tambaya ba ta rage ki. Kuma a wannan ɗakin ne za ki ji ko ke kaɗai ce ba a biya ba, ko kowa ne. Amsar tana canza komai: in kowa ne, makarantar ce ke cikin matsi, ku yi magana tare. In ke kaɗai ce, an ga baƙuwa ce marar baki.

To, mu zo kan mai makaranta. Ɗan kasuwa ne, ki daina jiran ya zama uba. Kuɗin makaranta kashi-kashi iyaye ke biya, da yawa sai an kori yaro gida suke kawowa, don haka tsakiyar shekara aljihun irin waɗannan makarantu yakan yi sanyi. Wannan bayani ne, ba uzuri ba ne. Shi ya san wanda zai iya jinkirta wa kuɗi ba tare da an tayar masa da hankali ba, kuma shirunki ya sa ki a sahun farko.

Ga abin da ya kamata ki sani. Nijar na da dokar ƙwadago, wadda ake aiki da ita tun 2012, kuma ba ta ware baƙo daga haƙƙin albashi ba. Mai albashin wata, doka ta ce a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan. Kwantiragin ma'aikaci baƙo dole a rubuta shi a kai hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, ANPE, ta sa hatimi, kuma mai ɗaukar aiki ne ke da nauyin kaiwa, ba ke ba. Shi ne kuma ya kamata ya yi miki rajista a CNSS, asusun fansho da tallafin ma'aikata. In rigima ta taso, ofishin sufeton ƙwadago ake fara zuwa, ya kira ku ya nemi sulhu, in ya gagara sannan a wuce kotun ƙwadago. Rashin takarda bai share aikin da kika yi ba, amma sai kin iya nuna kin yi shi. Saboda haka tun yau ki fara tara shaida ba tare da kin sanar da kowa ba. Ki ɗauki hoton jadawalin darussanki mai sunanki. Ki ɗauki hoton shafukan littafin aji inda kike rubuta darasin kowace rana kina sa hannu. Duk wata takardar biya ta watannin farko, duk wani saƙon WhatsApp da ya ce miki "gobe", ki adana, ki tura kwafi ga wani naki. In takardun shaidar karatunki na asali ko fasfonki suna ofishinsa, ki karɓo su cikin dabara kafin ki buɗe bakin kuɗi, ki ce ana nemansu a ofishin jakadanci. Kwafi ake bari a hannun mai aiki.

Abu ɗaya kuma da ban gani a wasiƙarki ba: da wata aka ce za a biya ki, ko da awa? Makarantun kuɗi da yawa a nan da awa suke biyan malamai, abin da ka koyar shi ke naka, hutu kuwa babu ko dala. In haka ne matsayinki, daga Yuli zuwa Satumba ba ki da komai, gara ki sani tun yanzu ki shirya.

Kafin ki doshi kowane ofishin gwamnati, ki duba naki takardun. Nijar ta fita daga CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS, tun watan Janairun 2025, saboda haka kada ki dogara da yadda ake yi da can. Ki je ofishin jakadancin Nijeriya a nan Yamai ki yi rajista, ki tambaye su abin da ake buƙata yanzu ga mai zama yana aiki. Wanda zai kai ƙara ya fara tabbatar da cewa ba a juya maganar kansa.

Amma ba da sufeto za ki fara ba. Mijin gwaggonki ne ya kawo ki, shi ke da bakin magana, kuma mai makaranta zai ji nauyinsa yadda ba zai ji naki ba. Ki zauna da shi da gwaggo ki faɗa musu komai, da adadin kuɗin, ba tare da kin rage don kunya ba. Ku je tare. Ke kada ki yi kuka, kada ki yi barazana, kada ki kawo maganar yara a wannan zama, kuɗi da takarda kawai. A nemi ya rubuta abin da ake bin sa da ranar da zai biya, ko da kashi biyu ne, ya sa hannu. A nemi kwantiragi da rana tsayayya. Bayan zaman ki rubuta ƴar wasiƙa mai ladabi da Faransanci, wani malami ya duba miki, tana tuna abin da aka yi alkawari. Ki yi kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi a kan naki. Mutumin da ya saba da "gobe" yakan canza tafiya in ya ga an fara ajiye takarda.

Maki kuwa kada ki taɓa. Ba sai kin yi masa wa'azi ba. Ki ce masa: "Ranka ya daɗe, in na ƙara musu yau, BEPC za ta tona mu gobe, kuma sunan makaranta ne zai fita a sakamako. Ka ba ni dama in yi musu bita in sake ba su wata jarrabawar, wanda ya tashi ya tashi da guminsa." Wannan harshen yake ji, domin yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙasa shi ne tallarsa wajen iyaye. In ya nace, makin da kika bayar yana cikin littafinki da kwafinsa a gida. Wanda ke son canzawa ya canza da alƙalaminsa, ba da naki ba.

Tafiya ko zama? Ra'ayina ki ƙarasa shekarar, in ya sa hannu kuma ya cika kashin farko a ranar da ya faɗa. Ba don shi ba. Malaman makarantun kuɗi a Yamai yawo suke tsakanin makarantu, wannan na koyarwa nan da safe can da yamma, labari ba ya kwana. Wadda ta bar aji tsakiyar shekara ana tuna ta da haka, ba a tambayar dalili. Wadda ta riƙe katiriyem ɗin da kowa ya sani har zuwa Yuni, ita ma ana tuna ta. Kuma abin da ke hannunki yana da kasuwa. Kundin da hukumomi suka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, ke kuma kina da biyu cikin ukun tun daga gida. Ga iyaye masu neman mai koya wa ƴaƴansu a gida da yamma, ga ɗaliban da ke shirin tafiya karatu Nijeriya ko Gana, ga ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin. Darasin gida biyu ko uku zai riƙe ki ko albashi ya makara, kuma mai abin sayen abinci a jaka ba ya magana da rawar murya gaban mai aiki. Ki dai bi ta hannun gwaggo wajen zaɓen gidajen da za ki shiga, kuma kada ki ɗauki yaran ajinki, za a ce maki kike sayarwa. Makarantu na neman malamai a Agusta da Satumba kafin komawa a Oktoba, don haka tun Mayu ki fara kai takardunki, wannan karon ba ki taka aji sai an sa hannu.

In kuwa ya ƙi rubuta komai, ko wata na uku ya wuce babu kuɗi, ko ya riƙe takardunki, ko maganarsa ta fara karkata zuwa inda bai kamata ba, to ba ki da sauran abin jira. Ki rubuta masa cewa kin dakata saboda rashin biya, ki ɗauki shaidunki da mijin gwaggonki ku nufi sufeton ƙwadago. Yaran za su sami wani malami.

Babanki kuma ki kira shi cikin makon nan ki gaya masa gaskiya, kada ya ji a bakin wani. Ƙila ya ce "ai na faɗa miki", ki bar shi ya faɗa, haƙƙinsa ne. Bayan ya faɗa zai tambaye ki me kike shirin yi, sai ki jera masa: zama da mai makaranta ran kaza, wa'adi ran kaza, in bai cika ba ga mataki na gaba. Uba ya fi samun natsuwa da ɗiyar da ke da shiri a kan wadda ke ce masa lafiya lau da muryar da ta sha kuka. In ma ƙarshenta komawar ce, motar Ƙonni kullum tana tashi, daga can Illela ce sai gida, kuma kuɗin da kike bi ba ya mutuwa don kin ƙetare iyaka matuƙar takardarki na hannu kuma kin bar wakili.

Ki gaida gwaggonki da mai gidanta. Ki rubuto mini bayan kun yi zaman.